Daga Kano zuwa Chennai: Abin da Mai Karatun Indiya Ya Gani a Littattafanmu na Soyayya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san shanu da raƙuma ne ke fara ɗauke hankalin baƙo. Ni kuwa, lokacin da nake yaro a Gumel cikin shekarun 1990, idan na bi mahaifina kasuwar, wata tabarma ce ke jan ƙafata. A kanta ake baje littattafai: Ahalari da Ishiriniya da Iziyya a sahun gaba, a bayansu kuma ƙananan littattafan hikaya masu bango mai launi, an zana saurayi da budurwa. Yayata ce ke ba ni sautu. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwarmu, ya tafi Gagarawa a jakar wata 'yar makaranta, ya dawo ta Sule Tankarkar bangonsa ya fita, an ɗinke shi da zare da allura. Manyanmu ba su ɗauki waɗannan littattafai a bakin komai ba. Hukuncinsu guda ne: fim ɗin Indiya ne aka juye a takarda.

A 2012 sai wani abin mamaki ya faru. Wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, da ke birnin Chennai a kudancin Indiya, ya wallafa fassarar Turanci ta littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi. An sa wa fassarar suna Sin Is a Puppy That Follows You Home, kuma an bayyana ta a matsayin littafin hikaya na farko na wata mace da aka fassara gaba ɗayansa daga Hausa zuwa Turanci. Ba a Zariya aka buga shi ba, ba a Ibadan ba, ba a Landan ba. Mutanen da aka ce su muke kwaikwaya su ne suka ga littafin ya cancanci duniya ta karanta shi. Me suka gani a cikinsa? Amsar tana buƙatar mu koma baya, domin hulɗar adabin Hausa da ƙasar Indiya ta girmi gidan sinima da ƙarni masu yawa.

Akun da ya fito daga gabas

A tsohon harshen Sanskrit akwai wani tarin tatsuniyoyin dabbobi mai suna Panchatantra, wanda aka tsara don koyar da 'ya'yan sarki dabarun mulki da zaman duniya. A ƙarni na 6, zamanin Sarki Kisra Anushirwan, wani likita mai suna Burzoe ya juya shi zuwa harshen Farisa na wancan lokaci. Wajen shekarar 750 Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci. Diloli biyu da ke cikin labarin, Karataka da Damanaka, su suka koma Kalila da Dimna. Ke nan duk malamin zaure da ya taɓa karanta Kalila wa Dimna a Kano ko Katsina, hikimar Indiya ya sha a ƙoƙon Larabci, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wani littafin kuma na Sanskrit, Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku. Wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa da akunsa. Kowane dare matar takan yi shirin fita wajen wani namiji, sai akun ya tare ta da labari, ya ja shi har dare ya ƙare ba ta fita ba. Wajen 1330 wani malamin sufaye a Indiya, Ziya'uddin Nakhshabi, ya sake rubuta shi da Farisanci ya kira shi Tutinama, da labarai 52.

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya riga ya gane inda zancen ya nufa. A 1936 Rupert East na hukumar talifi ya ɗauko Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabci da na Turanci, aka samu Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939. A juzu'i na farko, aku ne ke tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai kowane dare, don kada ya fita ya bi mahaifinsa wajen yaƙi ya faɗa tarkon waziri maci amana. Manazarta, cikinsu har da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun nuna cewa wannan ƙwarangwal na akun Indiya ne.

Abin lura shi ne yadda Imam ya sarrafa abin da ya ara. Ya cire matar aure mai shirin cin amanar miji, ya sa ɗan sarki mai ɗokin yaƙi. Ya mayar da labarin ɗaki ya zama labarin fada: sarauta da gado da makircin fadawa. Ya sa wa akun bakin Bahaushe mai karin magana da barkwanci, har ya naɗa shi waziri. Babu wanda ya taɓa cewa Magana Jari Ce ba namu ba ne. Mun sa shi a manhaja, muna kuma alfahari da shi. Ya kamata mu riƙe wannan a zuciya kafin mu yanke wa 'yan baya hukunci.

Majigi da alƙalami

Zuwan Indiya na biyu ta allon sinima ya kasance. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa, kuma cikin ɗan lokaci suka kere na Amurka farin jini a wurare irin su Palace da Plaza da Marhaba a Kano. Mother India na 1957, wanda Nargis ta fito a ciki a matsayin uwa manomiya da mai ba da bashi da ruwa ya addaba, ya shafe shekaru da dama ana maimaita shi. Da talabijin da bidiyo suka zo, finafinan suka shiga cikin gida, suka isa ga matan da ba sa zuwa sinima. Tasirin ya kai har ga masu bandiri, inda aka samu ƙungiya mai suna Ushaƙu Indiya, masu ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin finafinai.

Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya wallafa wata maƙala a 1997 kan wannan lamari. Abin da ya fahimta shi ne, Bahaushe ya samu a fim ɗin Indiya wata hanyar zamani wadda ba ta Turawa ba. Ga mata da mayafi, ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ga iyaye masu iko a kan aure, ga rikici tsakanin abin da zuciya ke so da abin da dangi suka yanke. Matashi a Fagge ko a Gumel ba ya jin Indiyanci, amma ya san wannan rikici ciki da bai.

A daidai wannan lokaci aka sami sabon rukunin masu karatu. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya sun yaye dubban matasa da matan aure masu iya karanta boko da Hausa. Sai kuma tattalin arziki ya karye, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kaɗai. Tun a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya nuna akwai masu ƙishirwar labarin soyayya. Da ƙofar kamfani ta rufe, marubuta suka buɗe tasu: su rubuta da hannu, su kai a buga a keken rubutu, su biya maɗaba'a da kuɗinsu, su miƙa wa dillalai a kasuwannin Kano. Daga nan littattafan ke bin motocin kasuwa zuwa garuruwa irin namu, har su tsallaka iyaka zuwa ƙasar Damagaram. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat ke cikin jigoginta, ta zama sananniya a wannan fage, kuma In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya shiga kusan kowace unguwa a farkon shekarun 1990.

Suka ba ta jima ba ta biyo baya. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha da suka yi tashe suka shuɗe. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga muhawarar a shafukan jaridu, aka yi ta fafatawa shekara da shekaru. Wannan gardama ce ta ilimi, ta kuma amfani kowa. Abin da ya biyo bayanta ne ya fi ciwo. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, kuma a 2007 aka tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a bainar jama'a, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Tagwayen kasuwanni

Yanzu mu duba lamarin ta idon mai karatu a Indiya. Shi ma ya taso a ƙasar da ke da adabi hawa biyu. A sama akwai marubuta masu rubutu da Turanci, waɗanda ake bugawa a Landan da New York, ana ba su lambobin yabo. A 1997 Salman Rushdie ya tayar da ƙura da ya yi iƙirarin cewa rubutun Indiyawa da Turanci bayan samun 'yancin kai ya fi abin da aka rubuta da harsunan gida ƙarfi. A ƙasa kuma akwai teku guda na littattafai masu arha, a kan takarda marar kyau, da ake sayarwa a tashoshin jirgin ƙasa da na mota da shagunan shayi. Da harshen Hindi akwai su Gulshan Nanda da Ved Prakash Sharma da Surender Mohan Pathak. Da Urdu akwai Ibne Safi mai labaran jami'an leƙen asiri. Da Tamil akwai Rajesh Kumar, wanda littattafansa suka haura dubu, da Ramanichandran, wadda matan gida ke rububin labaranta na soyayya. Masana sun daɗe suna yi musu kallon raini, jama'a kuwa suna saye.

Akwai wani abin dariya a nan. Da yawa daga labaran Gulshan Nanda an mayar da su finafinai, kamar Kati Patang na farkon shekarun 1970, wanda Rajesh Khanna ya fito a ciki. Wato wani sashe na abin da ya burge 'yan kallo a gidajen sinima, asalinsa littafin tasha ne da malaman jami'ar Indiya ke yi wa tsaki. Adabin kasuwarsu ya zama fim, fim ya tsallako teku, ya taimaka wajen haifar da adabin kasuwarmu.

Kamfanin Blaft da irin wannan rubutu ya yi suna. Littafin da ya fito da shi, a 2008, tarin labaran tasha ne na Tamil da Pritham Chakravarthy ta fassara zuwa Turanci, Rakesh Khanna ya tace. Daga baya suka buga fassarar Ibne Safi. Mutanen da suka yi wannan aiki sun riga sun ƙi yarda da cewa arhar takarda ita ce arhar tunani. Da suka ci karo da adabin Kano, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Sun san irinsa a gida.

Rabi a Chennai

Abu na farko da mai karatun Indiya zai lura da shi a Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, shi ne ba fim ɗin Indiya ba ne. Babu rawa a lambu, babu tagwayen da suka ɓace suka haɗu. Rabi matar wani ɗan kasuwa ce a Kano, Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, wadda ke fama da ƙwauron miji. Ya auro Delu, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu. Gobara ta cinye shagon Alhaji, amaryar ta juya masa baya, sai ga dangi sun taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Littafin lissafi ne na rayuwar mace: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan ɗaki, da wanda zai biya.

Abu na biyu shi ne duk da haka ya san waɗannan mutane. Indiyanci yana da kalmarsa ta kishiya, sautan. Dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955 ta haramta musu auren mace fiye da ɗaya, amma Musulmin Indiya, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai miliyan 172, suna da nasu tsarin, kuma batun saki uku a zama ɗaya ya kai har kotun ƙoli, wadda ta soke shi a 2017. A can iyayen amarya ke biyan dukiyar aure mai nauyi. A nan ango ke biyan sadaki, amma duk uban da ya taɓa yin kayan ɗaki da gara ya san wanda ke kwana da bashi bayan biki.

Mai karatun Hindi kuma zai tuna da Premchand, wanda ya rasu a 1936. A littafinsa Nirmala, yarinya 'yar shekara 15 aka aurar wa wani magidanci da matarsa ta mutu, saboda mahaifinta ya rasu babu dukiyar aure. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba, Abu 'yar shekara 13 aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, wanda ya haife ta. Bambancin shi ne Nirmala ta mutu cikin baƙin ciki, Abu kuwa ta gudu, ta koma karatu, ta tsaya da ƙafarta. Balaraba ba a sinima ta samo wannan ba. Ita kanta, duk da kasancewarta ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammed, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da shekara 13, kuma ta ajin manya ta dawo ga ilimi. Premchand a yau uban adabin Hindi ne, ana karanta shi a makarantu. Littattafai irin na Balaraba kuwa, a cikinsu aka zaɓi na ƙonawa.

Ba ina cewa duk abin da ke kan tabarmar Maigatari zinariya ba ne. Akwai masu gaggawa, akwai masu kurakuran rubutu, akwai waɗanda lallai sun kwashe labarin fim sukutum. Haka kowace kasuwar littafi take, daga Onitsha har Delhi. Amma wanda ya zubar da hatsi saboda tsakuwa, shi zai kwana da yunwa.

Inda hanyoyin suka rabu

Kamannin sun ƙare a wuri guda: Indiya ta gina wa harsunanta gidaje. A 1954 aka kafa Sahitya Akademi, hukumar adabi ta ƙasa, wadda ke ba da lambar yabo kowace shekara a harsuna 24, tana kuma ɗaukar nauyin fassara daga wannan harshe zuwa wancan. Sakamakon irin wannan haƙuri ya bayyana. A 2022 Geetanjali Shree ta ci kyautar Booker ta duniya da littafin da ta rubuta da Hindi, Daisy Rockwell ta fassara. A 2025 Banu Mushtaq ta ci wannan kyauta da gajerun labaran da ta rubuta da harshen Kannada, Deepa Bhasthi ta fassara. Labaran a kan me? A kan matan Musulmi na kudancin Indiya, da mazajensu, da kishiyoyi, da 'ya'ya. Duk wanda ya karanta marubutanmu mata ya san wannan fili namu ne tun shekarun 1980.

Mu ma mun taɓa samun irin waɗannan gidaje. Kamfanin Gaskiya na 1945 da hukumar NORLA ta shekarun 1950 da NNPC na 1966 su suka raini adabin boko na farko. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna har yanzu akwai alƙaluma masu kaifi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fassara da adana.

A kan adana, Chennai tana da wani darasi. Wani mai rubuta allunan talla, Roja Muthiah, ya shafe rayuwarsa yana tara duk wata takardar Tamil da ta faɗo hannunsa: littattafai, mujallu, ƙasidu, har da takardun gayyatar biki. Bayan rasuwarsa a 1992, Jami'ar Chicago ta sayi tarin amma aka bar shi a ƙasar Tamil, aka buɗe ɗakin karatu da sunansa a 1994. Abin da ake gani tarkace ya zama taskar da masu tarihi ke zuwa daga ko'ina. A namu ɓangaren, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin ɗaruruwan littattafan hikayar Hausa na 1987 zuwa 2002, akwai kuma malamai a Kano da Zariya da Sakkwato da suka adana nasu. Amma takardar da aka buga waɗannan littattafai a kanta ba mai jure gara da damina ba ce. Rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad, sauraro ya koma YouTube, kuma abin da ke waya ya fi na takarda saurin ɓata.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Gumel tana da Kwalejin Ilimi, Kafin Hausa da Dutse suna da jami'o'i. A cikin akwatunan iyayenmu mata da yayyenmu, daga Gagarawa har Maigatari, akwai littattafan da watakila kwafinsu na ƙarshe ke nan. Ɗalibai goma da na'urar ɗaukar hoton takarda guda za su iya ceto da yawa cikin hutu ɗaya. Wanda Allah ya ba harsuna biyu kuma, ya zaɓi littafi ɗaya mai kyau, ya nemi izinin mai shi, ya fassara. A cikin waɗannan shafuka akwai tarihin da ba ya cikin kundin gwamnati: abin da matan Arewa suka yi tunani a kai game da aure da saki da karatu, cikin shekarun da ba a cika tambayar su ba.

Da na je gida hutun sallah, na tambayi yayata ina littattafan nan da nake sayo mata. Ta buɗe tsohuwar adakarta, muka ƙirga. Cikin abin da take tunawa sun fi hamsin, bakwai suka rage, biyu daga ciki babu shafin ƙarshe. Na karɓo su, na sa a leda, suna nan tare da ni.